Ranar 28 ga Satumba: Ƙuri'ar da Ta Raba Makomar Gini da Nijar

Ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, lokacin da damina ke janyewa kaka na shigowa, kwanaki ne masu nauyi a tarihin Afirka ta Yamma, kuma ko da yake 1 ga Oktoban 1960, ranar 'yancin Najeriya, ta fi shahara, ranar 28 ga Satumban 1958 ce ta fara girgiza mulkin mallakar Faransa a yankin. A wannan rana Janar Charles de Gaulle, wanda ya dawo kan mulki sakamakon rikicin Aljeriya, ya gabatar da sabon kundin tsarin mulki ga ƙuri'ar raba gardama, wato ƙuri'ar da jama'a ke amsa tambaya guda da "i" ko "a'a". Duk yankin da ya amince zai samu cin gashin kai a harkokin cikin gida, amma tsaro da kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje su ci gaba da zama a hannun Faransa, wanda ya ƙi kuwa zai karɓi 'yanci nan take, a kuma yanke masa duk wani tallafi.

Gini kaɗai ta ƙi. A ƙarƙashin jagorancin Ahmed Sékou Touré, wanda tun a watan Agusta ya shaida wa de Gaulle a Konakiri cewa talauci cikin 'yanci ya fi wadata cikin bauta, kusan kashi 95 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce a'a, ƙasar ta ayyana 'yancinta ranar 2 ga Oktoba. Faransa ta huce haushinta ta hanyar kwashe ma'aikatanta da kayan aiki cikin gaggawa, har sai da Kwame Nkrumah na Ghana ya kawo ɗauki da rancen fam miliyan 10.

Labarin Nijar bai samu kulawar da ta dace da shi ba, alhali nan ma shugaban gwamnati, Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba, ya yi kiran a ƙi kundin. Faransa, wadda ba ta son rasa yankin da ke iyaka da Aljeriya, ta aiko da sabon gwamna, Don-Jean Colombani, wanda ya jawo sarakuna da dama zuwa ɓangaren masu amincewa, kuma aka bayyana cewa kimanin kashi 78 sun ce i, duk da cewa mafi yawan waɗanda suka yi rajista ba su fita ba. Bakary ya sauka, Hamani Diori ya karɓi ragamar gwamnati a watan Disamba, aka haramta Sawaba a 1959.

Jarumtar da Gini ta nuna ba ta tsare mutanenta daga zalunci ba, domin mulkin Sékou Touré ya rikiɗe zuwa kama-karya, 'yan adawa masu yawa suka mutu a kurkukun Boiro. Abin takaici kuma, a filin wasan Konakiri da aka raɗa wa sunan ranar ƙuri'ar, sojojin gwamnatin Moussa Dadis Camara suka kashe masu zanga-zanga fiye da 150 ranar 28 ga Satumban 2009, aka kuma ci zarafin mata da dama. Sai a 28 ga Satumban 2022 aka buɗe shari'ar kisan, kuma a Yulin 2024 kotu ta yanke wa Camara ɗaurin shekara 20.