Ƙafa Na Ƙuna, Ido Bai Ga Rauni Ba

A cikin ziyarar marasa lafiya da muke yi bayan sujada, akwai wani kuka da muka sha ji daga bakin iyayenmu mata da dattawa. Sai mutum ya ce tafin ƙafarsa na ƙuna kamar ya taka garwashi, ko ana tsira masa allura, da dare ko zanen rufa ba ya so ya taɓa shi. A duba ƙafar, babu kumburi, babu rauni. Daga nan sai surutu ya tashi, wai jifa aka yi masa, wai ya taka wani abu a bakin ƙofa. Mun ga 'yan'uwa a ikilisiya ɗaya sun daina gaisawa a kan irin wannan zargi, alhali kuwa ciwon sananne ne a asibiti.

Da Hausa, kalmar jijiya ta haɗa abubuwa da dama. Wadda muke nufi a nan ba ta jini ba ce, ita ce mai kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa ta cikin laka. Idan ta lalace sai ta riƙa aika saƙon zafi ba tare da komai ya taɓa mutum ba, wani lokaci kuma ta yi shiru ƙafa ta sage.

Babban mai jawo wannan shi ne ciwon sukari. Kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da shi in an daɗe, domin yawan sukari a jini yana cin jijiyoyi sannu a hankali, kuma mafi tsawo su ne ke fara taɓuwa. Shi ya sa yakan soma daga yatsun ƙafa, duka biyun, ya riƙa hawa sama, daga baya ya kai hannu. Wasu ma ba su san suna da sukari ba sai da ƙunar ƙafa ta kai su asibiti.

Yawan shan giya da burkutu na jawo shi, haka ma ƙarancin bitamin B12, da cutar ƙanjamau. Maganin tarin fuka mai suna isoniazid yakan taɓa jijiya, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Akwai kuma ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a gefe ɗaya na ƙirji ko fuska kamar an ɗaura ɗamara. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta tun yarinta ta farka. Ƙurajen sukan bushe amma zafin ya zauna wata da watanni. Wanda ya ga sun fito ya je asibiti cikin kwana 3, lokacin da magani ya fi amfani. Kuturta ma ciwon jijiya ce. Duk tabon da ya fi sauran fata haske, ana taɓawa ba a ji, a kai shi a duba. Tana warkewa da maganin wata 6 ko 12, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995.

Binciken ba mai ban tsoro ba ne. Likita zai tambayi yadda zafin yake da lokacin da ya fara, ya taɓa tafin ƙafa da wani siririn zare mai nauyin giram 10 ido a rufe, ya gwada jini don sukari da bitamin. A tafi masa da dukan ƙwayoyin da ake sha, har da na gargajiya, kada a ɓoye.

To, a nan ne kuɗin mutanenmu ke zubewa. Farasitamol da magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ba su cika yin tasiri a kan wannan ciwo ba, yawan shan su diclofenac kuwa yana ɓata ciki da ƙoda. Tiramadol kuma ya zama jaraba ga da yawa. Abin da likitoci ke rubutawa su ne amitriptyline, duloxetine, gabapentin ko pregabalin. Akan fara da kaɗan a ƙara a hankali, sai an yi makonni kafin a ji sauƙi, kuma sukan kawo barci da jiri, don haka ba a karɓar su a hannun maƙwabci. Gaskiya ita ce sukan rage zafin ne ya bar mutum ya yi barci ya kama sana'arsa, ba lallai su kawar da shi ɗungum ba. Dole kuma a bi tushen ciwon, a daidaita sukari, a bar giya. Addu'a muna yi, ba kuwa za mu fasa ba, amma in mun ce amin mukan tambaya ko an auna jini.

Wanda ƙafarsa ta sage ya fi mai jin zafi shiga hatsari, domin ƙaya ko ƙusa za ta shige shi bai sani ba, raunin ya ruɓe har a kai ga yanke ƙafa. Irin wannan mutum kada ya yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, in ido ya yi rauni jika ya duba masa. Kada a kai shi wurin wanzami a yi masa tsaga ko ƙaho. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu, kuma lokacin hunturu kada a bar Baba ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta.