Daren da Flash Ya Daina Gudu a Gidanmu

Ƙanina ya shigo gida bayan sallar isha'i, ya wurga wayarsa kan tabarma kamar ita ce ta yi masa laifi. Ƙarshen watan Mayu ne na 2023. Zafin bazara a Haɗeja ya kai inda ya kai, hadari kullum sai ya haɗo daga gabas ya watse, kowa ya fito tsakar gida da maficinsa. Inna ta dube shi ta ce, "Kai kuma wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna."

Ya zauna kusa da ni, ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, tun ina ƙaramar sakandare nake bin abin nan. Wallahi sun raina mana hankali."

Abin da yake nufi shi ne The Flash, shiri mai dogon zango na ƙasar Amurka. Tashar CW ta fara nuna shi a watan Oktoba na 2014, ta rufe shi ranar 24 ga Mayu, 2023, bayan zango 9 da kashi 184. Mu a nan ba ta tashar yake iso mana ba. Akwai wani yaro mai shagon cajin waya a bakin kasuwa, da tsohuwar kwamfutarsa da igiyoyi a cukurkuɗe kamar taliya. Shi ke sauko da finafinai daga intanet, ka miƙa masa memori da 'yan canji, ya zuba maka abin da kake so: Kannywood, Indiya-Hausa, na Turkiyya, na Amurka. Ta hannunsa samarin unguwarmu suka san Barry Allen, ma'aikacin binciken laifuka a ofishin 'yan sanda, wanda tsawa ta faɗa wa, ya farfaɗo da gudun da ido ba ya iya bi.

Ni ban kalli shirin duka ba, amma na sha labarinsa a bakin ƙanina har na haddace. Ginshiƙinsa guda ne: tun Barry yana yaro wani mugu mai irin gudunsa, mai rawayen kaya, ya kashe masa uwa. Shekara tara ana jan wannan gaba. To a kashin ƙarshe sai aka taso da manyan miyagun da aka sha fama da su a baya, aka jera su, aka kuma kakkaɓe su cikin 'yan mintuna. Shi wannan mai rawayen kaya, ba ma Barry ne ya kayar da shi ba, wata daga cikin mataimakansa ce da ta shigo shirin daga baya. Babban abokin gabar ranar kuwa da lallami aka shawo kansa. Cisco, aminin Barry mai barkwanci wanda masu kallo suka fi ƙauna, ko leƙowa bai yi ba. Wannan ne ya hana ƙanina cin tuwo a daren. Kuma ba shi kaɗai ba ne, masu kallo da yawa a can Amurkar irin wannan ƙorafi suka yi.

Don mai karatu ya gane zafin abin, sai ya san cewa Flash ba shi kaɗai yake zaune a duniyarsa ba. A cikin wani shirin, Arrow, wanda aka fara a 2012, aka fara nuna Barry, kafin a yanka masa nasa filin. Daga nan aka yi ta haifar 'ya'ya: Supergirl, Legends of Tomorrow, Batwoman. Kowane shiri da jaruminsa da garinsa, amma duk ana ɗauka a duniya guda suke ko a maƙwabtan duniyoyi, suna ziyartar juna, abin da ya faru a gidan wannan yana shafar gidan wancan. A Disambar 2019 zuwa Janairun 2020 aka yi babban taron dangi mai kashi biyar, kowane kashi a cikin shiri dabam. Wanda yake bin Flash kaɗai, sai ya wayi gari an yi mutuwa an yi zaman makoki bai sani ba. Dole ka nemo sauran huɗun. Mai shagon caji kam kakarsa ta yanke saƙa a lokacin, don duk wanda ya zo neman ɗaya, biyar yake tafiya da su.

Kamfanin Marvel ne ya mayar da wannan dabara babbar kasuwa. A 2008 ya saki Iron Man, ya maƙala wani ɗan guntun fage a can bayan sunayen ma'aikata, inda wani mai ido ɗaya yake shaida wa jarumin cewa ba shi kaɗai ba ne. Shekara goma sha ɗaya ana tara jarumai, har fim na 22, Avengers: Endgame, a 2019, wanda ya tara kusan dala biliyan 2.8. Bayan haka suka fito da shirin talabijin na WandaVision a 2021, kuma a nan ne dabarar ta fara cizon mai ita. Sun ɗauko ɗan wasa Evan Peters, wanda ya taɓa fitowa a matsayin ɗan'uwan jarumar a finafinan wani kamfani da Disney ta saye a 2019. Masu kallo suka ce shi ke nan, za a haɗe duniyoyi biyu. Mako bayan mako suna ta lissafi. Da kashin ƙarshe ya zo, ashe wani maƙwabci ne kawai da aka yi wa asiri. An yi ta tsaki.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun ga daɗin abin da idonmu. Ina gidan kallo lokacin da aka sa Pathaan, fim ɗin Shah Rukh Khan na 2023. An rutsa da shi a cikin jirgin ƙasa, an yi masa jina-jina, sai ga wani ya diro ta rufi da ɗan gyalensa a wuya. Kafin a nuna fuskar, wani a bencin baya ya miƙe tsaye ya ce, "Wallahi Tiger ne!" Salman Khan ne kuwa, da sunan da yake amsawa tun fim ɗin Ek Tha Tiger na 2012. Wurin ya kaure da ihu da fito, wani dattijo mai sayar da rake a bakin ƙofa har da leƙowa ya ga ko gobara ce. Ba zan ɓoye ba, ni ma na tafa. Akwai wani irin farin ciki idan ka ga tsohon sani ya shigo labarin da ba nasa ba, kamar ka haɗu da ɗan unguwarku a tashar mota a Legas.

Sai dai duk lokacin da ƙanina yake yi mini bayanin wannan tsari kamar wani sabon abu da Turawa suka gano, kakarmu nake tunawa, Allah ya jiƙanta. Ita ma tana da tata duniyar, kuma jarumanta ba sa canzawa: Gizo da matarsa Ƙoƙi, Kura mai kwaɗayi, Zaki sarkin dawa, Dila malamin daji, Ɓotorami, Dodo a bakin rafi. Jiya Kura ta faɗa rijiya ta mutu, yau ga ta da ƙoshin lafiya tana neman nama, kuma babu yaron da ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Kaka, ba jiya ta mutu ba?" Da zarar an ambaci Gizo mun san za a yi ha'inci, ba sai an gabatar mana da shi ba. Haka marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi da Kannywood har rasuwarsa a Disambar 2014: yau direba ne, gobe malami, jibi ɗan sanda, amma Ibron nan dai ne, da abokan shirmensa da muka sani.

Bambancin a wurin biya yake. Tatsuniyar kaka ba ta kwana da bashi. Duk abin da aka ƙulla a daren, a daren ake kwance shi, a ce ƙurunƙus, kowa ya tafi ya kwanta. Shirin zamani kuwa da rance yake rayuwa. Kowane kashi yana ƙarewa da "jira mako mai zuwa", kowane zango yana jingina da na gaba, kowane shiri yana nuna maka ɗan'uwansa da baki. Mai kallo yana ta ba da lokacinsa da kuɗin datarsa bisa alkawarin cewa wata rana za a biya shi duka. Kashin ƙarshe shi ne ranar biya. Ƙanina ya je karɓar bashin shekara tara, aka ba shi minti arba'in da 'yan kai.

Mun ɗanɗana irin wannan a cikin gida, da harshenmu. Labarina na Aminu Saira ya fito a 2020, shekarar da korona ta kulle mutane a gida, kuma marubucinsa na farko, Ibrahim Birniwa, yana ɗauke da sunan garin da ke cikin masarautarmu, abin da ya sa muke jin kamar muna da kaso a ciki. Matan gidanmu sun rabu gida biyu a kan wanda ya dace da Sumayya, jarumar shirin, har ana fushi da juna a wurin tankaɗe. Sai Nuhu Abdullahi, mai fitowa a matsayin Mahmud, ya bar shirin, aka kashe Mahmud a labarin. Sai Nafisa Abdullahi, mai fitowa a matsayin Sumayya, ta bari a 2022, daga baya Fati Washa ta hau matsayin. Ranar da sabuwar fuskar ta bayyana, yayarmu ta ajiye faranti ta ce, "Wannan ba Sumayya ba ce." Ba wai wasan bai yi kyau ba. Shekara biyu ta yi tana zuba damuwarta a kan fuska guda, aka ce ta kwashe ta mayar kan wata. Abin da ya raba Cisco da Flash shi ne ya raba Mahmud da Labarina: labari yana son ya daɗe, 'yan wasa kuwa mutane ne masu nasu uzurin da nasu lissafin. Marubuci yana can yana toshe ɓaraka, mai kallo yana nan yana zaginsa.

A ganina, mafi hikimar abin da masu Labarina suka yi shi ne da suka rufe wancan babin, suka buɗe sabon labari da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, attajirin da ya ɓad da kama ya koma talaka. Suna ɗaya, labari dabam. Tsarin Magana Jari Ce ke nan na Abubakar Imam, inda aku yake ta zuba labari bayan labari, kowanne da ƙarshensa, tsani guda yana riƙe da su.

Duk wanda ya san koginmu zai gane inda shirye-shiryen Amurkan suka samu matsala. Kogin Haɗeja idan ya wuce gari ba ya tafiya a miƙe. Rarrabuwa yake yi cikin fadama, wani reshe ya bi Marma ya nufi tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya riƙe tsohuwar hanya. Da can ambaliyar damina mai ƙarfi ce ke wanke waɗannan hanyoyi, rani kuma ya busar da su. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan ya koma kwarara a hankali duk shekara, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe magudanai. Sai ka ga gonar da ke jiran ruwa ta bushe, wadda ba ta nema ba ta nutse. Haka Flash ya zama a zangunansa na ƙarshe. An buɗe rassa da yawa, kowane mataimaki an ba shi nasa ƙarfin da nasa labarin soyayya, aka yi ta jan shirin ba hutu, har ainihin hanyar, wato yaron nan da aka kashe wa uwa, ta cushe. Da aka saki ruwan ƙarshe, bai isa inda ake jiransa ba.

Wani lokaci nakan yi mamakin yadda masu shirya finafinanmu ba su waiwayi abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba. Ƙarni na 19 a wannan yanki duniya guda ce mai jarumai da yawa, kuma labaransu a sarƙe suke. Ga Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya hau mulki a 1848, ya bijire wa Sakkwato, ya fatattaki rundunar da aka haɗo masa a gamon Gafur a 1853, ya kuma gamu da ajalinsa a yaƙin Gogaram, ƙasar Bade, a 1863. A Haɗeja gwarzo ne da ake yi wa kirari. Ka je ka ji labarin shekarun nan a bakin mutanen Katagum ko na gabashin Kano, shi ne dodon da ake gudu. Mutum ɗaya, jarumi a wannan shiri, mugu a wancan, ba tare da an ƙirƙiri komai ba. Ga kuma Sarki Muhammadu Mai Shahada, da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya faɗi yana yaƙi a cikin garinsa ranar 25 ga Afrilu, 1906. Dattawanmu sun fi shekara ɗari suna maimaita wannan ƙarshe, ban taɓa jin wanda ya ce a sake masa fasali ba.

Na faɗa wa ƙanina wani abu mai kama da haka a daren. Ya ce, "Yaya, kai komai sai ka mayar da shi tarihi." Ya ja tabarmarsa ya koma gindin darbejiya.

Washegari ya tafi shagon caji ya ce a goge masa komai na Flash daga memori, zango na ɗaya kaɗai ya bari. Yaron shagon yana gogewa yana ba shi labari cewa a watan Yuni za a saki wani babban fim na Flash, da wani ɗan wasa dabam, har da tsohon Batman a ciki. Ƙanina ya rantse ba zai sake ɓata lokacinsa ba. Ya dawo gida ya maimaita rantsuwar a gaban Inna.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari. Wata ranar Lahadi da yamma ina alwala, ya zo ya tsaya a kaina yana sosa ƙeya.

"Yaya, ko kana da 'yan canji? An ce ya iso shago."