Gaskiya ko Jita-jita: Hukuncin da Alƙali Ya Yanke Ba Ya Tashi?

Da zarar an wuce da mutum gidan yari, sai dangi su ce "sai dai addu'a". Addu'a na da kyau, amma dokar Najeriya ta bar ƙofar gyara hukuncin da ya saɓa mata. Ga wasu maganganu da ake yawan ji.

"In alƙali ya yanke, magana ta ƙare."
Jita-jita. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum da dokar da ba ta fara aiki ba lokacin da ya yi abin da ake tuhumarsa, ya kuma hana a ɗora masa horon da ya wuce wanda doka ta tanada. Wannan na cikin dalilan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Sakkwato ta dogara da su a 2002, da ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa Safiya Hussaini.

"Ko yaushe aka shirya ana iya ɗaukaka ƙara."
Jita-jita. Akwai wa'adi. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ne, daga nan zuwa Kotun Ƙoli kwana 30. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci, ya kawo uzuri mai ƙarfi.

"Ɗaukaka ƙara na iya tsananta hukunci."
Gaskiya ne, domin masu gabatar da ƙara su ma suna da wannan damar. A 2013 aka ba John Yusuf, wanda ya wawuri kuɗin fanshon 'yan sanda, zaɓin biyan tarar naira 750,000 maimakon ɗauri. EFCC ta ɗaukaka ƙara, a 2018 hukuncin ya koma ɗaurin shekara shida.

"In an soke hukunci, an wanke mutum ke nan."
Ba kullum ba. A 2020 Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar da aka ɗaure Orji Kalu shekara 12, saboda alƙalin ya riga ya samu ƙarin girma zuwa kotu ta gaba kafin ya yanke hukunci. Umarnin sake shari'a ta bayar.

"Afuwar gwamna ita ce gyaran hukunci."
Jita-jita. Afuwa jin ƙai ce da sashe na 175 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shugaban ƙasa, na 212 kuma ya ba gwamna. Tabbatar da kuskuren alƙali aikin kotu ne.

Duk mai ɗan'uwa a ɗaure, ya nemi takardar hukuncin tun da wuri, ya kai wa lauya kafin wa'adi ya cika.