Ko ka sani? Wasiƙar imel ba ta cika ɓata ba, ɗauke ta ake yi

Ma'aikaci ya buɗe akwatin imel ɗinsa a shafin intanet da safe, ya tarar da shi wayam, wasiƙun wata guda sun yi ɓatan dabo. Kafin a ɗora wa ɓarayin intanet laifi, masana harkar kan fara tambayarsa ko akwai wata manhajar da ita ma take shiga wannan akwati.

Dalilin tambayar shi ne manyan hanyoyin ɗauko wasiƙa daga babbar kwamfutar da ke ajiye ta iri biyu ne. Tsohuwar, wato POP, ta fito a 1984, kuma halinta na ɗan aike ne: ya je gidan waya, ya kwashe abin da ke akwati kakaf, ya kai gida. In ba a umarce ta da barin kwafi ba, wata tsohuwar kwamfuta da aka manta a kunne a ofis tana iya yashe akwatin kullum, mai shi yana can yana cigiya. Ita kuwa IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1986, barin wasiƙa take yi a mazauninta, waya da kwamfuta su riƙa leƙowa.

Manhajojin da ake sarrafawa da rubuta umarni su ma da nasu halin. Tsohuwar manhajar mail ta Unix, da zarar mutum ya karanta wasiƙa ya danna q don fita, sai ta cire ta daga /var/mail ta zuba a wani fayil mai suna mbox cikin jakarsa ta gida. Fayil ɗaya ne tal, wasiƙu jere bi da bi, kowace tana farawa da layin “From ”. Umarnin grep kan zaƙulo wasiƙar a nan cikin ƙiftawar ido. Mutt, wadda Michael Elkins ya fitar a 1995, ta fi sassauci: danna d alamar gogewa kawai yake sa wa wasiƙa, u kuma ya janye alamar, muddin ba a tabbatar da gogewar ba.

Gmail, da ya zo a 2004, lakabi yake maƙala wa wasiƙu. Wanda yatsarsa ta zame ta taɓa Archive, lakabin Inbox kawai ya cire, wasiƙar tana nan daram a All Mail. Rubuta in:anywhere a gurbin bincike kuwa yana sa a laluba har cikin kwandon shara da tarin wasiƙun banza, wuraren da bincike na yau da kullum ke tsallakewa.

Waɗannan wurare biyu su ya kamata a fara dubawa, don a can ne kaɗai lokaci ke ƙurewa. Wasiƙar da ta kwana 30 a cikinsu Gmail da kansa yake share ta, kuma babu maɓallin da mai akwatin zai danna ta dawo.