Switch 2: A Saya Ko A Dakata?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Yau maganar gem za mu yi, kuma ina roƙon iyaye kada su murɗa akwatin rediyonsu zuwa wata tasha, domin kuɗin da za mu lissafa galibi daga aljihunsu ake sa ran zai fito.

Na'urar da ke gabanmu ita ce Nintendo Switch 2, na'urar gem ta tafi-da-gidanka wadda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar ranar 5 ga watan Yunin 2025. Cikin kwana huɗu kacal aka sayar da fiye da miliyan 3.5 a faɗin duniya. Ba a taɓa rububin wata na'urar Nintendo haka ba. Hotunanta sun cika Facebook da TikTok, matasa suna ta tambayar masu shaguna ko ta iso. To tambayar da za mu zauna a kanta ita ce: mutumin Kano ko Zariya ko Maraɗi, ya dace ya ƙirga kuɗinsa ya miƙa?

(GAJEREN KIƊA)

Bari mu fara da ba ta haƙƙinta, don na'ura ce mai kyau. Nintendo ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun 1889 aka kafa shi a birnin Kyoto yana buga katin wasa, shi ne kuma ya fito da Game Boy a 1989. Switch ta farko, wadda ta fito a watan Maris na 2017, an sayar da fiye da miliyan 150. Dabararta ɗaya ce: ka yi wasa da ita a hannu a cikin mota, ka dawo gida ka zura ta a mazauninta, hoton ya koma talabijin.

Sabuwar ta riƙe wannan dabara, ta ƙara ƙarfi. Allonta ya kai inci 7.9, na tsohuwar 6.2 ne. Ma'ajiyarta gigabait 256 ce, ninki takwas na ta farko. In ka ɗauke ta za ka ji ta fi nauyi, ta haura rabin kilo kaɗan. Hannuwan nan biyu da ake cirewa a gefe, a da zura su ake yi ta sama, yanzu maganaɗisu ne ke kama su. Kana kusanto da hannun sai ka ji ƙas, ya manne. Ka danna wani ɗan maɓalli a baya, ya saki. Ka cire su ka miƙa wa ƙanenka ɗaya, ka riƙe ɗaya, kun zama mutum biyu a kan na'ura guda ba tare da an sayi ƙarin komai ba. Mafi yawan wasannin tsohuwar Switch kuma suna aiki a cikinta, wasu ma sun fi gudu.

Yanzu sai kuɗi.

Farashin da ta fito da shi a Amurka dala 450 ne. In aka yi lissafi da canjin da ya zagaya naira 1,500 kan kowace dala a shekarar 2025, kuɗin ya doshi naira 700,000, tun kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shago. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya, wanda aka sa wa hannu a 2024, naira 70,000 ne. Ke nan ma'aikacin da ke matakin ƙasa sai ya tara albashinsa na kusan wata goma bai taɓa ko sisi ba.

Kuma wannan kuɗin ƙofa ne kawai. Sayen irin wannan na'ura kamar sayen doki ne, kuɗin dokin daban, na dusa da harawa daban, kuma su ba su ƙarewa. Wasan da ta fito da shi, Mario Kart World, wasan tseren mota mai ɗaukar mutum 24 a tsere ɗaya, dala 80 aka sa masa. Donkey Kong Bananza da ya biyo baya a watan Yuli, dala 70. In ma'ajiya ta cika, katin ajiyar da ke cikin wayarka ba zai yi ba, sai wani sabon nau'i mai suna microSD Express, wanda mai gigabait 256 ya kai dala 60 a 2025. In kana so ka kara da abokai ta intanet, akwai kuɗin shekara, mafi ƙanƙanta dala 20. Haɗa na'ura da wasa ɗaya da katin ajiya da kuɗin shekara, kana da dala 610. A wancan canjin ya haura naira 900,000, kuma wasa ɗaya tak ke hannunka.

(KIƊA)

Masu sauraro, akwai wani abu da nake so mu tsaya a kansa sosai, domin shi ya fi damuna, kuma shi ne mai saye ba ya ganewa sai ya koma gida.

Mun saba in ka sayi faifan gem ko katinsa, wasan yana ciki. Ka sa, ka kunna, shi ke nan. Ka gama ka ba abokinka aro, ko ka kai kasuwa ka yi musaya. Da haka yara da yawa suka yi wasanni masu yawa da kuɗi kaɗan. To a Switch 2 an fito da wani irin kati da ake kira Game-Key Card, wato katin makulli. A kallon farko ba ka raba shi da na gaske: kwali iri ɗaya, jan kati iri ɗaya. Amma babu wasan a ciki. Abin da ke ciki izini ne kawai. Ka sa shi a na'ura, sai ta ce maka ka haɗa ta da intanet ka sauke wasan dungurungum. Bayan ka sauke ɗin ma, duk lokacin da za ka yi wasa sai katin yana ciki.

Ga wanda ke Tokyo ko Landan, inda intanet ɗin gida ba ya yankewa kuma ba a ƙirga masa, wannan jiran ɗan lokaci ne. A wurinmu fa? Manyan wasanni suna cin gigabait gommai. Data ce za ka saya da kuɗinka, ka kunna ta daga wayarka, ka zauna kana addu'a kada sabis ya ɗauke. Ka biya kuɗin kati, ka biya kuɗin data, sannan wasan ya cinye maka wurin ajiya, ya tura ka sayen katin nan na dala 60. Kamfanoni da yawa da ba Nintendo ba sun rungumi wannan hanya, saboda ta fi musu sauƙin kuɗi. Street Fighter 6 a haka ya zo. Amma ba dole ba ne, domin kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya zuba Cyberpunk 2077, babban wasa, gaba ɗayansa a cikin kati mai gigabait 64. A ganina wannan shi ne mutunta mai saye, kuma abin da ya kamata sauran su yi ke nan.

Yadda za ka gane katin makulli ba wuya. Duba ƙasan kwalin ta gaba. In ka ga farin layi kwance da hoton makulli, to wasan ba ya ciki, kuma a wurin ake rubuta yawan gigabait ɗin da za ka sauke. Haka kuma kwalin da aka haɗa na'ura da Mario Kart World a kan dala 500 a 2025, wasan da ke ciki na saukewa ne, ba kati ba.

Sai batun wuta. Nintendo da kansa ya ce batirin yana ɗaukar awa 2 zuwa 6 da rabi, gwargwadon nauyin wasan. Wasannin da aka sayi na'urar dominsu, masu kyan hoto, su ne ke kusa da awa biyun. Tsohuwar Switch da aka gyara a 2019 tana yin awa 4 da rabi zuwa 9. Ke nan ta wannan fuska baya aka ci. In ka tashi daga Kano za ka Abuja a mota, da wuya ta kai ka Kaduna kana tsere a kanta. Cika batirin kuma yana cin wajen awa uku. Wanda unguwarsu ke kwana biyu ba a kawo wuta ba, kuma ba shi da sola, ya sa wannan a lissafinsa.

Zafi ma abin dubawa ne. Kamfanin ya ce a yi amfani da ita a inda zafi bai wuce digiri 35 ba. Duk wanda ya yi watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya san ana haura 40. Tana da fanka a ciki mai jan iska, kuma iskar hunturu da ƙura take zuwa. Ba na cewa za ta lalace a rana ɗaya, amma in ta samu matsala, na'urar da aka shigo da ita daga Dubai ko Amurka da wuya garantinta ya yi maka amfani a nan. Tsohuwar Switch ta yi ƙaurin suna da ciwon sandar juyawa, inda ɗan wasanka zai riƙa tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba. Nintendo ya ce ya sake fasalin sandar, lokaci ne zai nuna. Sababbin hannuwa biyu dai sun haura dala 90.

(GAJEREN KIƊA)

Na san abin da ke zuciyar matasa da yawa: ƙwallo. A gidajen gem namu ƙwallo ce sarauniya. EA Sports FC 26 ya fito a Switch 2 a watan Satumban 2025, don haka akwai ta. Amma in ƙwallo kaɗai ce buƙatarka, PlayStation 4 ta hannu za ta biya maka ita da kuɗin da bai kai wannan ba, ga faifai ko'ina, ga masu gyara a kusa. eFootball kuma yana cikin wayar da ke aljihunka, saukewa kyauta.

Wasu za su ce to Steam Deck fa, ta kamfanin Valve, wadda ta fito a 2022? Ita kwamfuta ce a siffar na'urar hannu, kuma wasanninta kan yi araha sosai lokacin rangwame. Sai dai komai nata saukewa ne, ba kati ko ɗaya, ta fi nauyi, kuma sababbin wasannin ƙwallon EA ba sa tashi a kan manhajar da take zuwa da ita. ROG Xbox Ally, da ta fito a watan Oktoban 2025, daga dala 600 ta fara, babbar kuwa dala 1,000. Waɗannan na wanda ya san kan kwamfuta ne kuma aljihunsa ya yi nauyi.

Abin da Switch ke da shi wanda babu a wurin kowa shi ne wasannin Nintendo: Mario, Zelda, Pokémon, Donkey Kong. Yawancinsu wasanni ne da uba zai zauna da 'ya'yansa su yi tare hankali kwance. Akwai ma manhaja kyauta da iyaye za su sa a wayarsu su ƙayyade awannin wasa a rana, lokaci na cika na'urar ta tsaya. Wannan na yaba masa ƙwarai. Amma mafi yawan waɗannan wasanni suna nan a tsohuwar Switch, kuma ƙaramarta, Switch Lite, da dala 200 ta fito a 2019. Yaron da bai taɓa riƙe ko ɗaya ba, wasannin shekaru da dama ne ke jiransa a can, da katunan gaske da ake samu na hannu.

In kuwa ka ƙudura sai sabuwar, to ga gargaɗi. A Japan akwai wata da ta fito a kan yen 49,980 a 2025, ƙasa da ta sauran duniya. Harshen Japananci kaɗai take ji, kuma asusun Japan kaɗai take karɓa. In aka yi maka tayin sabuwa fil a farashin da ya yi sauƙi fiye da kima, ka tuna araha ba ta ado, ka sa a kunna ta ka ga harshen da ke ciki. Wadda aka yi amfani da ita kuma, Nintendo yana toshe intanet ga duk na'urar da ya kama an sa mata katin satar wasanni, kuma toshewar na'urar take bi, ba mai ita ba. Kafin ka biya, a haɗa ta da intanet a gabanka, a buɗe shagon eShop. In lambar 2124-4508 ta fito a allo, an toshe ta. Na'urar da aka toshe ba za ta sauke ko wasa ɗaya na katin makulli ba. Ka ajiye ta ka yi gaba.

(KIƊA)

To ina muka tsaya? Wanda ya riga ya yi shekaru da tsohuwar Switch, yana da tarin katuna, yana da wuta tsayayya da intanet a gida, kuma kuɗin ba zai taɓa cefane ko kuɗin makarantar yara ba, ya saya, zai ji daɗinta, kuma za ta yi masa shekaru. Ga sauranmu kuwa, hukuncina shi ne a dakata. A bari wasanninta su yawaita, katunan hannu su shigo kasuwa, masu gyara su san cikinta. Uban da yaro ya matsa masa, ya zaunar da shi ya tambaye shi sunan wasan da yake so. In wasan yana tsohuwar Switch, a saya masa ita, a bar canjin a gida. Kuma don Allah kada wanda ya ci bashi ko ya sayar da wayar sana'arsa saboda wannan na'ura.

Masu sauraro, nan za mu dasa aya. 

(KIƊAN RUFE SHIRI)