Man Wiwi Na Maganin Taɓin Hankali? Gaskiya Da Ƙarya A Zancen CBD

A Potiskum labari ba ya kwana. Garin da tireloli ke shiga suna fita dare da rana, kasuwar shanu ta Laraba ke tara baƙi daga ko'ina, abin da aka gani a waya da safe kafin la'asar ya isa majalisa. Cikin irin waɗannan zantuka akwai wanda ya kamata a tsaya a tantance: wai Turawa sun gano wiwi na warkar da taɓin hankali, wai akwai wani mai da ake tatsa daga ganyen, sunansa CBD, wanda in an ɗiga wa mara lafiya a ƙarƙashin harshe sai ya rabu da ƙwayoyin asibiti. Haɗarin zancen shi ne akwai gaskiya kaɗan a cikinsa, ita ce kuma ke sa a yarda da sauran.

Cutar da ake magana a kanta likitoci na kiranta sikizofireniya. Mai ita yakan ji muryoyin da babu mai ji sai shi, ya haƙiƙance ana bibiyarsa ko ana sa masa guba a abinci, maganarsa ta warwatse, ya ƙaurace wa mutane. Yawanci tana bayyana ne a shekarun samartaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana samun kimanin mutum ɗaya cikin 300.

"Likitoci na gwada wani sinadarin wiwi a kan wannan cuta." Gaskiya ne.

Tabar wiwi na ɗauke da sinadarai fiye da 100 na dangi ɗaya. Biyu ne suka yi fice: THC, wanda ke bugarwa, da kanabidayol ko CBD, wanda ba ya bugarwa. A 2012 aka wallafa wani gwaji da aka yi a birnin Kolon na Jamus kan marasa lafiya 42. An ba wasu CBD, an ba wasu maganin asibiti mai suna amisulpride na mako huɗu. Sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya yi kusa da juna, kuma masu shan CBD ba su sha wahalar sandarewar jiki da ƙiba sosai ba. A 2018 Farfesa Philip McGuire da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin mutum 88 a Birtaniya da Polan da Romaniya, inda aka ga muryoyi da zarge-zarge sun ɗan ragu ga waɗanda aka ba CBD.

"An tabbatar yana warkarwa, a ajiye maganin asibiti." Ƙarya ne.

A gwajin McGuire babu wanda aka ɗauke wa maganinsa. An ɗora CBD ne a kan ƙwayoyin da suke sha, kuma sauƙin da aka gani ba mai yawa ba ne. A 2018 ɗin dai, masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun gwada shi kan mutum 36 na mako shida, ba su ga wani amfani ba. Gwaje-gwaje ƙanana, na 'yan makonni, masu saɓa wa juna, ba su isa hujjar sauya maganin cutar da ake fama da ita shekaru ba. Dalilin da ya sa ke nan a 2023 Jami'ar Oxford ta sanar da wani babban gwaji da zai haɗa mutum kimanin 1,000 a ƙasashe da dama. Maganin CBD da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018, Epidiolex, na wasu nau'o'in farfaɗiya ne masu tsanani da ke farawa tun ƙuruciya, ba na sikizofireniya ba.

"Tunda daga wiwi aka cire shi, shan wiwi ma magani ne." Wannan ce ƙarya mafi muni.

Rogo mai ɗaci in an jiƙa an sarrafa shi ya zama garin kwaki, in an ci shi ɗanye ya yi kisa. CBD ɗin gwaji an tace shi ne an raba shi da THC, alhali tabar wiwin da ake naɗawa a zuƙa don THC ake nemanta. Shi kuwa THC yana tayar da ainihin alamomin cutar. Tun 1987 wani bincike kan matasa sojoji fiye da 45,000 a Suwidin ya nuna waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 haɗarin kamuwarsu da sikizofireniya ya ninka har shida. A 2019 wani bincike a wurare 11 na Turai da Barazil ya gano mai sha kullum haɗarinsa na samun rikicewar hankali ya kai ninki uku, in mai ƙarfi yake sha ya doshi ninki biyar. Ga wanda cutar ta riga ta kama, wiwi na jawo yawan tashin ciwo da komawa gadon asibiti.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 10.6 ke shan wiwi. Sai dai a yi adalci: ba duk mai sha ne ke kamuwa ba, kuma da yawa cikin masu cutar ba su taɓa kusantar ta ba. Gado da sauran dalilai na taka rawa, don haka kada a ɗora wa mara lafiya sunan ɗan shaye-shaye.

"Man da ake tallatawa a intanet shi ne na gwajin." Ƙarya ne.

A gwajin McGuire kowane mutum na shan miligiram 1,000 a rana. Duba 'yar kwalbar da ake tallatawa: sau da yawa abin da aka rubuta a jikinta, na kwalbar gaba ɗaya, bai wuce haka ba. Ke nan kwalba guda a wuni, kwalba 42 a mako shida. Rubutun ma ba abin dogaro ba ne. A 2017 an auna kayan CBD iri 84 da aka saya ta intanet a Amurka, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka dace da abin da aka rubuta, an kuma sami THC a cikin 18. Uwar da ta sayar da akuyarta ta sayi irin wannan kwalba tana iya ɗiga wa ɗanta abin da zai tayar masa da ciwon.

"Na ganye ne, ba shi da illa, kuma duniya ta halatta shi." Ƙarya ne.

CBD mai yawa na sa barci da gudawa da rashin cin abinci, yana iya taɓa hanta, musamman ga mai shan maganin farfaɗiya valproate, yana kuma sauya aikin wasu magunguna a jiki. Abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a Disamba 2020 shi ne cire wiwi daga rukuni mafi tsauri na yarjejeniyar miyagun ƙwayoyi ta 1961, amma tana nan cikin jerin abubuwan da ake sa wa ido. A Najeriya nomanta da sayar da ita da mallakarta laifi ne, hukumar NDLEA na kamawa.

"Maganin asibiti na wahalar da mara lafiya." Gaskiya ne, amma da mafita.

A nan jita-jitar ke samun gindin zama. Wanda ya ga ƙaninsa na tafiya a sandare, hannu na karkarwa, yawu na zuba, yana barci har azahar, dole ya saurari duk wanda ya ce akwai sauƙi. Irin su haloperidol da chlorpromazine kan jawo haka, olanzapine kuma kan sa ƙiba. Abin yi shi ne a koma a ce: "Likita, maganin nan yana sandarar masa da jiki." Ana rage adadi, ana sauya magani, akwai allurar da ake yi bayan makonni ga mai ƙin ƙwaya, akwai clozapine ga wanda sauran suka gaza a kansa. Yanke magani rana ɗaya shi ke dawo da ciwon, sau da yawa fiye da na farko.

Mutumin Potiskum zai iya farawa daga asibitin garin, a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana shan magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 ta ba mara lafiya haƙƙin kulawa cikin mutunci, ba ɗauri da mari ba.

In manyan gwaje-gwaje suka tabbatar da amfanin CBD, zai iso mana ta hannun likita, da adadi sananne da lambar NAFDAC, kuma mu ne za mu fi kowa murna. Kafin nan, wanda ke da mara lafiya a gida ya riƙe masa maganinsa, ya kai shi ranar ganin likita, ya kuma nisanta shi da wiwi ko da wane suna aka kawo ta.