Yadda Mai Babbar Mota Zai Sauya Fulogi Da Hannunsa

A cikin kayan mota duka da wuya a sami abin da ya kai fulogi ƙanƙanta ga ido da girma ga aiki. Tsawonsa bai fi ɗan yatsa da yawa ba, kuɗinsa ba ya kusantar na taya, amma ran da ya gaji, motar da ta ɗauko Alhaji da hajarsa daga Kano za ta Damagaram sai ta kama ɗingishi a tsakiyar daji. Yau attajirai da manyan malamai da yawa suna hawan motocin nan masu silinda takwas, kuma sauya musu fulogi aiki ne wanda mai mota ko direbansa ke iya gamawa a ƙofar gida tsakanin hantsi da azahar. Sai dai akwai sharaɗi. Ramin da fulogi ke shiga ya fi fulogin tsada nesa ba kusa ba, kuma wanda ya yi gaggawa yakan tsira da ladan bakanike ya yi hasarar kan inji.

Fulogi shi ne ƙyastun mota. A cikin kowace silinda akwai fistin da ke matse fetur da iska wuri ɗaya, sa'an nan fulogi ya ƙyasta musu wuta, su fashe, su tura fistin ƙasa, ta haka ƙafafu ke juyawa. Batir ba ya ba da wutar da ta wuce volt 12, amma akwai wani abu, ana ce da shi koyil, wanda ke ɗaga ta har ta haura volt 20,000, domin ta iya tsallake 'yar tazarar da ke bakin fulogi. In inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowane fulogi yana ƙyastawa sau 1,500, watau sau 25 kafin sakan ɗaya ya cika. Dabarar kuwa tsohuwa ce. A shekarar 1860 Étienne Lenoir ya ƙera inji mai aiki da ita a Faransa, a 1902 kuma kamfanin Bosch na Jamus ya fito da irin wadda motoci suka dogara da ita daga baya.

Abin da ake nufi da injin V shi ne an jera silinda sahu biyu, sun haɗu daga ƙasa sun buɗe daga sama, kamar lambar bakwai ta hisabin Larabci. An yi haka domin silinda takwas su shiga wurin da huɗu za su cika in an jera su sahu ɗaya. Kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sayar da irin wannan inji da yawa a 1914, Ford kuma ya kawo shi ga talakawa a 1932. Wanda aka fi sani a hanyoyin Arewa da na Nijar shi ne na Toyota mai lita 4.7, mai suna 2UZ-FE, wanda ya fito a 1998 cikin Land Cruiser da Lexus LX 470, daga baya aka sa shi a Tundra da Sequoia. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, amma kansa, wanda bakanike ke kira tof, na alminiyam ne, irin ƙarfen tukwanen girki, mai laushi. A cikin wannan ƙarfe mai laushi aka yanka zaren da ke riƙe fulogi.

Kafin kome sai mai mota ya tabbata irin man da motarsa ke sha. Injin gas ba shi da fulogin ƙyastu ko ɗaya, gama tsananin matsi ne ke kunna masa wuta. Manyan motocin kaya da tireloli kusan duka na gas ne, haka kuma Land Cruiser mai silinda takwas ta gas wadda ta fito a 2007. Maganar nan ta masu fetur ce kaɗai.

Alamomin gajiyar fulogi ba su ɓuya. Mota takan yi nauyin tashi da asuba, ta riƙa karkarwa in tana tsaye, ta rasa ƙarfi a hawa, ta kuma ƙara shan mai. Injin mai silinda takwas yana da sharri ɗaya, watau in ɗaya ta daina aiki sauran bakwai sukan ja motar, har mai ita ya ga kamar ba kome. Alhali fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa cikin tukunyar salansa mai tace hayaƙi, yana ƙonewa can, har ya narkar da cikinta. In fitilar inji ta kama ƙyaftawa, wannan ne take faɗa. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da wurin da ake jona na'urar bincike, ita kuwa takan ba da lamba: P0301 silinda ta ɗaya ce, P0308 ta takwas. A injin Toyota ɗin nan, in mutum yana zaune a kujerar direba, lambobin wuturi, 1 da 3 da 5 da 7, suna sahun hagu daga gaba zuwa baya, na shafa'i kuwa suna sahun dama.

Sayen fulogi shi ne rabin aikin. Ba kowane wanda ya shiga rami ne ya dace ba, domin sun bambanta wajen tsawon zare, da tazarar baki, da yadda suke zubar da zafi. Mai tsawo fiye da kima yana iya taɓa fistin. Lambar da ke cikin littafin motar ita ce abin bi. Na farkon wannan inji suna ɗaukar fulogi na yau da kullum mai tazarar milimita 0.8, wanda littafin motocin Amurka ya ce a sauya bayan mil 30,000, kamar kilomita 48,000 ke nan. Na baya suna ɗaukar mai bakin iridiyam, tazararsa milimita 1.1, wa'adinsa mil 120,000. Denso da NGK, kamfanonin Japan, su ke yi wa wannan inji fulogi, kuma sunansu ya sa masu jabu suka fi kwaikwayon su. Saboda haka mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna sai ya nemi ɗan kasuwar da ya san amanarsa, ya kuma tuna araha ba ta ado. A sayi takwas iri ɗaya, a sauya su gaba ɗaya.

Kayan aikin ba su da yawa: soket na fulogi mai lamba 16, wanda ke da roba a ciki don riƙe tangaran, da sanda mai ƙara masa tsawo, da soket mai lamba 10, da guntun tiyo wanda zai kama kan fulogi, da tsumma mai tsabta. In an sami sufana mai awon ɗauri, madalla.

Sharaɗi na farko shi ne inji ya huce sarai, abin da ya fi shi ne motar ta kwana ba a tashe ta ba. Zafi yana kumbura alminiyam kusan ninki biyu na yadda yake kumbura baƙin ƙarfe, yana kuma ƙara masa laushi, sai ya zama fulogin da aka murɗa da zafi yana iya fitowa da zaren ramin a jikinsa. A cire makulli, a kwance kan batir na baƙar waya, a ɗauke murfin roba da ke bisa injin. Kowace silinda tana da koyil nata, noti ɗaya ke riƙe da shi. A danna maƙallin wayarsa a hankali, gama shekaru da zafi sun mai da robar kamar busasshiyar ƙwarya, sa'an nan a kwance notin a zaro koyil ɗin.

Sharaɗi na biyu tsabta. Ramin fulogi yana da zurfi, ƙurar hunturu da yashi sukan taru a gindinsa. In aka cire fulogi ba a share ba, duk sai su zuba cikin silinda su riƙa kankare ta. A fara hura ramin da iska, ko da famfon keke ne, kafin a sa soket. Kuma a bi silinda ɗaya ɗaya, a gama da wannan a rufe ta kafin a buɗe waccan. Na bayan sahu, 7 da 8, su suka fi wuyar kai hannu, sai a bar su ƙarshe, lokacin da hannu ya saba. In fulogi ya cije, kada a hau shi da ƙarfi. A kwance kaɗan, a mayar kaɗan, a ɗiga man kwance tsatsa, a jira.

Sharaɗi na uku shi ne mafi girma: sabon fulogi da yatsu ake fara ɗaura shi. A cusa kansa cikin guntun tiyo, a saukar da shi a hankali, kada a sake shi ya faɗa bakinsa ya tanƙware, sa'an nan a murza tiyon. In zare ya hau daidai, zai yi ta shiga ba gardama. In ya hau a karkace, tiyon zai zame kafin a yi ɓarna, abin da sufana ba ta yi, gama ita ba ta jin zafin zare. Sai ya zauna da hannu tukuna a kawo sufana. Awon Toyota ga wannan inji kamar newton-mita 18 ne, ɗauri ne mai sauƙi ƙwarai. Wanda ba shi da sufanar awo, in fulogin sabo ne mai zobe a gindi, ya ƙara rabin juyi bayan ya zauna, kada ya wuce kashi biyu cikin uku na juyi. Kamfanin NGK ya hana a shafa wa zaren nasa maiƙo, domin maiƙo yakan ruɗi hannu a ɗaure fiye da kima. Shi ma mai bakin iridiyam ba a bubbuga shi don gyaran tazara, gama tsinin nasa siriri ne, yana karyewa.

Abin da ya faru ga injin Ford mai lita 5.4 ya isa wa'azi. Na shekarun farko, daga 1997, zaren raminsu kamar huɗu ne kacal, har ya zama in ɗauri bai yi daidai ba inji yakan tofar da fulogi waje yana cikin tafiya. Waɗanda suka biyo baya, na 2004 zuwa 2008, an sa musu fulogi mai dogon baki wanda aka haɗa daga gutsure biyu, baƙin hayaƙi yakan riƙe bakin, sai ya karye a bar rabi cikin rami. Kamfanin da kansa ya rubuta wa makanikai cewa su yi aikin inji yana da sanyi, su kwance abin da bai wuce rubu'in juyi ba, su zuba ruwan wanke kafireto su jira kafin su ci gaba. Mai F-150 ko Expedition na waɗannan shekaru, abin da ya fi masa shi ne ya kai wa gwani mai ƙarfen zaro karyayye.

Kada a zubar da tsofaffin sai an jera su bisa tsumma bi da bi, an karanta su kamar allo. Baki mai ruwan ƙasa ko toka-toka shaidar lafiya ne. Baƙi busasshe yana nuna fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. Mai jiƙe da baƙin mai yana nuna zoben fistin ko robar bawul sun ci. Fari mai ƙuraje kuwa zafi ne ya yi yawa, wannan ba a kwana da shi. In bakwai sun yi kama da juna ɗaya ya fita dabam, to, wannan silinda ita ce mai ciwo, kuma sabon fulogi ba zai warkar da ita ba.

Akwai inda hankali ke cewa a tsaya. In fulogi ya ƙi fita bayan lallashi, ko an ga ɓarɓashin alminiyam a zarensa, ko injin na silinda shida ne wanda aka kwantar a gicciye, sahun bayansa yana ƙarƙashin bututun iska, sai a kira bakanike. Ramin da ya lalace ana iya dasa masa sabon zare, amma aikin gwani ne. Wanda ya gama nasa lafiya kuwa, ya rubuta kwanan wata da lambar tafiyar motar a littafin da yake rubuta bashi da ciniki, domin ya san ran da wa'adi zai cika. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a abin hawa.